Wanda Ya Ji Maka Ciwo da Wanda Zai Biya: Yadda Ake Neman Diyya a Arewacin Kamaru

A shekarun baya wata babbar mota mai ɗaukar kaya ta buge ɗan kawuna a kan hanyar da ta fita daga Garwa zuwa Pitowa, yana tura amalanke a gefen kwalta, ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu. A rana ta uku muna zaune a barandar asibiti sai ga wakilin mai motar ya iso da ledar lemo, da ambulan, da wata takarda da aka buga da Faransanci. Ya gaishe mu cikin ladabi, ya jajanta mana, sannan ya miƙa wa Kawu takardar tare da ɗan gwangwanin tawada domin ya dangwala yatsa. Na karɓa na karanta. Layi huɗu ne kacal, kuma abin da suka ƙunsa shi ne iyalin yaron sun karɓi abin da ke cikin ambulan a matsayin cikakkiyar diyya, ba za su sake neman komai a wurin kowa ba. Abin da ke cikin ambulan ɗin kuwa bai kai kuɗin ƙarfen da likita ya ce za a sa a ƙafar ba.

Na ce, "Kawu, don Allah ka dakata tukuna." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙaddara ta riga fata, kuma direban nan talaka ne irinmu. In an ɗaure shi ƙafar za ta ɗoru ne?" Na ce, "Kawu, ba ɗauri nake nema masa ba, kuma kuɗin ba daga aljihunsa zai fito ba."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce abin da mafi yawan mutanenmu ba su sani ba, kuma rashin saninta ya sa gidaje da yawa sun sayar da gona ko shanu don jinyar ciwon da wani ya kamata ya biya. Wanda hannunsa ya yi ɓarna da wuya ya zama shi kaɗai doka ta ɗora wa nauyi; a bayansa akwai ubangidansa, ko mai abin da ya yi ɓarnar, ko kamfanin inshora, ko ma gwamnati da kanta, kuma aikin farko na mai neman haƙƙi shi ne ya gano wane ne a cikin waɗannan yake da abin biya. Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, malaman fiƙihu kuma suka ɗora ta a kan aƙila, wato dangin mai laifin ta wajen uba, domin sun san mutum ɗaya ba ya iya fitar da raƙuma ɗari. Saboda haka yarda da ƙaddara da karɓar diyya ba su taɓa zama kishiyoyi ba, kuma wanda ya ga dama ya yafe, ya yafe bayan ya san girman abin da yake yafewa.

A yankunan Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tushen maganar yana cikin kundin dokar mu'amala da aka gada daga Faransa, wanda lauyoyi ke kira Kod Sibil, kuma Chadi ma da shi take aiki. Sashe na 1382 ya ce duk wanda ya jawo wa wani cutarwa ta hanyar laifinsa, wajibi ne ya gyara. Sashe na 1383 ya haɗa da sakaci da ganganci, wato ba sai mutum ya yi da niyya ba. Sashe na 1384 shi ne wanda ya fi amfanar talaka, domin ya ce mutum yana ɗaukar alhakin abin da ke ƙarƙashin kulawarsa da kuma mutanen da ke ƙarƙashinsa: iyaye a kan ƙananan 'ya'yansu da ke zaune tare da su, ubangida a kan yaron da ya sa aiki, mai sana'a a kan ɗan koyo muddin yana ƙarƙashin idonsa. A kowace ƙara abu uku alƙali zai nema: cewa an yi laifi ko sakaci, cewa an cutu, da cewa cutarwar daga wannan laifin ta fito. Na ukun ne ya fi kayar da mutane, musamman wanda ya fara zuwa wurin mai ɗori ya yi sati uku kafin ya je asibiti, domin ɓangaren da ake ƙara zai ce ƙafar ta lalace ne a hannun mai ɗori.

Kwanaki ukun farko

Shari'ar rauni takarda ce ke cin ta, kuma yawancin takardun a kwanakin farko ake samunsu ko a rasa su har abada. Idan haɗarin hanya ne, kada a bari a kawar da mota ko babur kafin 'yan sanda ko jandarmomi su zo su auna wurin su rubuta rahoton da suke kira PV, sai dai in ceton rai ne ya tilasta. Wanda ke da waya a cikin 'yan uwa ya ɗauki hoton lambar motar, da takardar inshora, wadda muke ce wa asiransi, da katin mallakar motar, da lasisin direba in ya samu, da yadda abubuwan hawan suka tsaya, da alamar birki a kan kwalta. A rubuta sunayen mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu, tare da unguwarsu da lambar wayarsu, tun kafin taron ya watse. Mai shayin da ya ga komai yau, gobe ba lalle ne ya yarda ya ce ya gani ba.

A asibiti a nemi takardar shaidar likita ta shari'a, ba takardar sayen magani kawai ba. Ita ce ke bayyana raunin dalla-dalla, ta kuma faɗi adadin kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba, kuma wannan adadin yana da nauyi ƙwarai. A kundin laifuffuka na 2016, idan duka ne na ganganci, raunin da ya hana aiki fiye da kwana 8 har zuwa 30 yana ƙarƙashin sashe na 281, wanda ya wuce kwana 30 kuma yana ƙarƙashin sashe na 280 mai hukunci mafi tsanani. Raunin kuskure da kisan kuskure suna sashe na 289, kuma sashe na 290 ya tsananta wa direban da ya yi tuƙi cikin maye, ko ba shi da lasisi, ko ya gudu. Kowane rasit na magani da na hoton ƙashi da na jini a ajiye shi a leda guda. Maganin da aka saya a wurin mai tebur a kasuwa, komai tsadarsa, ba shi da rasit, don haka babu mai mayar da kuɗinsa. Kuma kada a taɓa miƙa wa kowa asalin takarda. A ba da kwafi, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi gida.

Haɗarin mota da babur

A nan ne dokar ta fi sassauta wa wanda ya ji ciwo, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar CIMA, wato tsarin inshora na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, a Yawunde a 1992, kuma kundin inshorarta ya fara aiki a 1995. Sashe na 200 na kundin ya wajabta inshora a kan duk abin hawa mai inji, har da babur, kuma inshorar tana rufe duk wanda ke tuƙi a lokacin, ko da ba da iznin mai motar ya ɗauka ba. Ga abin da ya kamata kowa ya haddace: mai tafiya a ƙasa, da mai keke, da fasinja, ana biyansu diyyar raunin jiki ba tare da an kafa musu hujja da kuskurensu ba, sai fa wanda da gangan ya nemi cutar da kansa. Don haka maganar da ake yawan faɗa wa iyaye cewa ai yaron ne ya tsallaka ba tare da ya duba ba, ba ta soke haƙƙinsa. Direba ne kawai laifinsa ke rage masa diyya ko ya hana shi ita gaba ɗaya. Haka kuma kamfanin inshora ba zai kuɓuta ta hanyar cewa direban ba shi da lasisi ba. Zai biya wanda ya ji ciwo, daga baya ya bi wanda ya karya sharaɗinsa.

Idan motoci biyu suka yi karo, fasinja ya nufi kamfanin inshorar motar da yake ciki, mai tafiya a ƙasa kuma ya nufi na motar da ta buge shi. Su kamfanonin su raba laifi a tsakaninsu, wannan ba damuwar majinyaci ba ce. Motar gwamnati ba ta da tilascin inshora, amma kundin ya ɗauki gwamnati a matsayin kamfanin inshorar kanta, wato ita ce za ta yi tayin diyya.

Tsarin kuwa shi ne, jami'an da suka rubuta PV su aika wa kamfanonin da abin ya shafa cikin wa'adin da bai wuce wata 3 ba. A zahiri sau da yawa sai ɗan uwa ya yi ta sintiri kafin takardar ta motsa daga ofis, don haka a ware mutum guda mai haƙuri a ɗora masa wannan aikin. Daga nan kamfanin ne doka ta wajabta wa ya gabatar da tayin diyya a rubuce cikin watanni ƙayyadaddu, waɗanda ba su wuce 12 daga ranar haɗari ba, kuma jinkiri yana jawo masa tara da ake ƙarawa a kan kuɗin. A wasiƙarsa ta farko dole ya sanar da kai cewa kana iya karɓar kwafin PV a wurinsa, kuma kana iya ɗaukar mai ba ka shawara da kuɗinka. Ba a kai kamfanin kotu kafin wa'adin tayin ya cika. Idan ka sa hannu a kan yarjejeniya sannan ka gane an tauye ka, kana da kwana 15 ka janye ta hanyar wasiƙa mai shaidar isarwa. Idan wanda ya ji ciwo yaro ne, yarjejeniyar sai ta bi ta hannun alƙalin da ke kula da haƙƙin yara ko majalisar iyali. Bayan shekara 5 daga ranar haɗari ƙofar ƙara ta rufe.

Abin da ake biya ba kuɗin asibiti kaɗai ba ne. Akwai asarar kuɗin shiga na kwanakin jinya, da nakasar dindindin wadda likita ke auna ta da kashi cikin ɗari, da raɗaɗin da aka sha, da tabon da ya ɓata halitta, da ladan mai jinya idan mutum ya kai ga ba ya iya kula da kansa, da asarar sana'a ko karatu. Yawancin wannan lissafin an ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ake kira SMIG, kuma an yi masa iyaka, shi ya sa kuɗin ba ya kai abin da zuciya ke tsammani. A ganina wannan iyakar ta fi kare kamfanoni fiye da majinyata, musamman ɗan kasuwa ko manomin da ba shi da takardar albashi da zai nuna abin da yake samu, amma duk da haka abin da ake samu ya ninka na cikin ambulan sau da yawa. Kada a yarda da lissafin ƙarshe kafin likita ya tabbatar ciwon ya tsaya inda zai tsaya; kafin nan abin da ya dace a nema shi ne wani kaso na wucin gadi don ci gaba da magani.

Idan rasuwa aka yi, matan mamacin, ko su nawa ne, da 'ya'yansa da iyayensa da 'yan uwansa na jini suna da rabo a lissafin, har da kuɗin jana'iza. Amma kamfanin zai nemi takardar mutuwa, da takardar likita mai faɗin sanadin mutuwar, da hukuncin kotu da ya tantance magada, da takardun haihuwar yara, da takardar aure. A nan ne iyalanmu ke maƙalewa. Matar da aka ɗaura aurenta a masallaci ba a rubuta shi a ofishin magajin gari ba, da yaron da ba a yi masa takardar haihuwa ba, sai an koma kotu an nemi hukuncin da zai tsaya a madadin abin da aka rasa, kuma wannan yana cin watanni. A fara shi tun ana zaman makoki ya fi a jira sai kamfani ya tambaya. Ɗan kawun nawa ma ba shi da takardar haihuwa, kuma neman ta ya fi ba mu wahala fiye da duk sauran takardun a haɗe.

Game da sulhu, ba na cewa a kori wanda ya zo da alheri. Abin da muka yi a ranar shi ne Kawu ya karɓi kuɗin, muka rubuta wata takarda daban cewa gudummawar magani ce daga mai motar, wakilin da shaidu biyu suka sa hannu, takardar yafiyar kuma aka mayar masa da ita babu tawada. Sulhu a gaban masu sarautar gargajiya, wato jauro ko lawan ko fadar lamiɗo, yana kashe gaba tsakanin maƙwabta, wannan kuwa abu ne da kotu ba ta iya yi. Sai dai a kula da abu biyu: kada a rubuta kalmar da ke nuna an yafe wa kowa da kowa alhali mai motar kaɗai ake nufi, kuma a sani sulhun iyali ba ya ɗaure hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati idan ya ga laifin ya cancanci hukunci.

Matsala mafi yawa a Marwa da Garwa da Ngaundare ita ce babur ɗin haya, wanda muke kira kilando, domin da yawansu babu inshora. A nan sai a koma ga sashe na 1384 na Kod Sibil. Yaron da ke tuƙi sau da yawa babur ɗin ba nasa ba ne. Akwai wani Alhaji a unguwa da ya saya ya ba shi yana kawo masa kuɗi kullum da yamma. A nemi sunan da ke kan katin mallaka, a nemi shaidun da suka san wa ake kai wa kuɗin, a haɗa su biyun a ƙara ɗaya.

Wurin aiki, dabba da gini

Ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aiki, ko a kan hanyarsa ta zuwa aiki da dawowa, hanyarsa ta CNPS ce, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, a ƙarƙashin dokar 1977 kan haɗurran aiki. Ubangida ne zai kai rahoto cikin kwanakin aiki 3, idan kuma ya ƙi, ma'aikacin ko magadansa suna iya kai rahoton da kansu har zuwa shekara 3. Lebura a wurin gini ko ɗan dako a sito wanda ubangidansa bai taɓa yi masa rajista ba, kada ya ɗauka ba shi da haƙƙi. Ya fara da ofishin sufeton ƙwadago, ya tafi da duk abin da ke nuna yana aiki a wurin, ko da littafin da ake rubuta kuɗin sati ne.

Sashe na 1385 na Kod Sibil ya ɗora wa mai dabba, ko wanda ke amfani da ita a lokacin, alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa ko ta ɓace ko ta tsinke. A fiƙihun Malikiyya an bambance ɓarnar dare da ta rana a kan amfanin gona, amma wannan sashe bai san wannan bambancin ba: sa ya soki yaro a kasuwar shanu da tsakar rana, mai shi ne a ciki, kuma idan makiyayin ɗan haya ne, ana bin mai garken. Sashe na 1386 kuma na mai gini ne wanda ya rushe saboda rashin gyara ko aibin gini, irin katangar da kowa ya ga ta tsage tun kafin damina. Kamfani ma ana kama shi kamar mutum. Bayan haɗarin jirgin ƙasa na Eseka na 21 ga Oktoba 2016, wanda a hukumance ya ci rayuka 79, kotun garin ta sami kamfanin jirgin da wasu ma'aikatansa da laifi a 2018.

A irin waɗannan ƙararraki hanya biyu ce. Ko a shiga shari'ar laifi a matsayin mai neman diyya, wanda ake kira farti sibil, alƙali ɗaya ya yanke hukuncin laifi da na kuɗi tare, wannan ya fi araha domin masu bincike na gwamnati ne ke tattara hujja. Ko a shigar da ƙarar diyya zalla. Idan kuɗin da ake nema bai wuce sefa miliyan 10 ba, kotun matakin farko ce, wato TPI, idan ya wuce kuma babbar kotu ce, wato TGI. Laifi mai matsakaicin girma yana tsufa bayan shekara 3 idan ba a taɓa shi ba, wato ba a sake iya gurfanar da mai shi a kansa. Kowace hanya aka bi, a tabbata an gayyato ubangida ko mai abin tun farko a matsayin mai ɗaukar nauyin biya, domin hukuncin miliyoyi a kan yaron da bai mallaki komai ba takarda ce kawai. Bayan an ci shari'a kuma kuɗi ba ya zuwa da kansa, sai an ɗauki wisiye, wato jami'in da ke zartar da hukuncin kotu, ya isar da hukuncin ya kama dukiya.

Idan mai kaki ne ya yi

Wannan shi ne ɓangaren da mutane suka fi tsoro, kuma tsoron yana da dalili, amma dokar a rubuce take. Kundin tsarin shari'ar laifuffuka na 2005, wanda ya fara aiki a farkon 2007, ya ƙayyade tsarewa a caji ofis ko barikin jandarma da awa 48, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari a kan haka kuma sai da rubutaccen iznin mai gabatar da ƙara, shi ma sau biyu kawai. Wanda aka san gidansa ba a tsare shi sai a kan babban laifi ko wanda aka kama shi yana aikatawa tare da hujjoji masu ƙarfi, kuma in ba a irin waɗannan ba, ba a fara tsarewa ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu. Wanda aka kama yana da haƙƙin sanar da iyalinsa, da ganin lauya, da ganin likita. Akwai togiya da ya kamata 'yan Arewa Mai Nisa su sani: dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014 da dokar kiyaye zaman lafiya ta 1990 kan manyan 'yan fashi sun ba da damar tsarewa ta kwana 15 da ake iya sabuntawa, don haka a fara tambayar a kan wace doka aka riƙe mutum.

Idan ɗan uwa yana tsare ba bisa ƙa'ida ba a yanzu, maganin gaggawa shi ne takardar neman a sake shi nan take, a ƙarƙashin sashe na 584 na kundin tsarin shari'ar laifuffuka, zuwa ga shugaban TGI na wurin da aka kama shi ko ake tsare da shi. Ba lalle sai shi ya rubuta ba, wani na iya shigarwa a madadinsa. Idan kuma ya riga ya fito, sashe na 236 ya ba shi damar neman diyya a kan tsarewar da ta wuce iyaka, a gaban wani kwamiti da ke Kotun Ƙoli a Yawunde, cikin wata 6 daga ƙarshen tsarewar ko daga ranar da hukuncin wanke shi ya tabbata. Baitulmalin gwamnati ne ke biya, ita kuma tana iya bin jami'in da ya yi laifin. Wata 6 ɗin nan ne ke wuce mutane suna karɓar 'yan barka da arziki.

Duka da azabtarwa laifi ne a ƙarƙashin sashe na 277-3 na kundin laifuffuka, wanda ya fayyace cewa umarnin na sama ko halin yaƙi ba uzuri ba ne, kuma amsa laifin da aka samu ta hanyar tilas ba a karɓar ta a matsayin hujja. Wanda aka sako da tabo a baya ko kumburi a tafin ƙafa ya wuce asibiti kai tsaye a ranar, kafin ya je gida ya yi wanka, a ɗauki hoto mai kwanan wata, a rubuta sunan bariki da ranakun shiga da fita da sunayen waɗanda aka tsare tare da shi. Ƙarar ɗan sanda tana zuwa wurin mai gabatar da ƙara na kotun farar hula, kuma idan jami'in binciken laifuffuka ne, dokar ta tanadi a ɗauke shari'ar zuwa kotun da ba ta garin da yake aiki ba. Ta jandarma ko soja a bakin aiki tana zuwa kotun soja. A duka biyun a nemi a haɗa gwamnati a matsayin mai ɗaukar nauyin biya. Yana da kyau kuma a kai kwafin koken reshen yanki na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru, wadda dokar 2019 ta kafa. Ba ta yanke diyya, amma ƙarar da wata hukuma ta san da zamanta ta fi wuyar ɓacewa a aljihun tebur.

Cutarwar da ta fito daga aikin hukuma, kamar ramin da aka haƙa a titi aka bari babu alama har mutum ya faɗa da dare, tana da tata ƙa'idar a dokar 2006 kan kotunan gudanarwa, waɗanda ke zama a Garwa da Marwa da Ngaundare. Kafin a je kotu dole a fara rubuta wa hukumar takardar koke ana neman diyya, cikin wata 6 daga faruwar abin ko saninsa. Idan ta yi shiru wata 3, shirun ƙi ne, daga nan akwai kwana 60 kacal na shigar da ƙara. Wanda ya tsallake wannan matakin, ko ya aika koken ga ofishin da ba shi ba, za a kori ƙararsa ba tare da an ko duba raunin nasa ba, don haka a wannan gaɓar ko kuɗin shawarar lauya na zama ɗaya ne a biya.

Wanda ba shi da hali yana iya neman tallafin shari'a a ƙarƙashin dokar 2009, ta hanyar rubuta wa kwamitin da ke kotun, tare da takardar shaidar rashin hali daga hukumar garinsa. Wanda ya ɗauki lauya kuma su rubuta ladan tun farko. A guji 'yan kamasho da ke yawo a ƙofar asibiti suna cewa a ba su wakilci su karɓo kuɗin inshora; wakilcin da aka rubuta musu shi ne ke ba su damar karɓar cek da sunansu.

Mazauna Kusuri da masu bin hanyar Mora suna da ƙarin abin lura, domin motar da ta buge mutum da safe tana iya kwana a Njamena. Motar Chadi da ke yawo a Kamaru, ko ta Kamaru a Chadi, tana tafiya ne da katin inshora mai ruwan hoda na ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, kuma ofishin katin na ƙasar da haɗarin ya faru shi ke bin kamfanin da ke can ƙetare. Nijeriya ba ta cikin CIMA kuma ba ta cikin tsarin wannan katin, saboda haka idan lambar motar ta Nijeriya ce, a tambayi jami'an ko ta sayi inshorar kan iyaka, a tabbata sun rubuta lambarta a cikin PV. Idan motar ta Chadi ce, a ɗauki hoton katin mai ruwan hoda gaba da baya, da takardun kwastan na motar, kafin a sake ta ta haye gadar Ngeli da ta haɗa Kusuri da Njamena.